In ajiye alli in buɗe jaridar intanet? Muhawara a kan tarihin wanda ya kafa kamfanin BuzzFeed

Malamin Kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na zo neman shawara a kan wata magana da ta hana ni sukuni tun hutun zango na biyu. Shekara biyar ke nan ina koyar da kwamfuta a wata makaranta mai zaman kanta a nan cikin birni, a gefe guda kuma ina da shafi a Facebook inda nake wallafa labaran jiharmu ta Katsina da Hausa, musamman farashin hatsi da na dabbobi a kasuwanni irin su Mai'adua da Dandume, kuma mabiyansa yanzu sun haura 40,000. Niyyata ita ce in ajiye alli a ƙarshen wannan zango, in mayar da shafin cikakkiyar jaridar intanet wadda zan riƙa ci da iyalina daga gare ta.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne tarihin wani Ba'amurke mai suna Jonah Peretti, domin shi ma malamin kwamfuta ne a wata makaranta a birnin New Orleans kafin ya tafi ƙaro karatu a jami'ar MIT. A shekarar 2001 kamfanin Nike yana ba mai saye damar a rubuta masa kalmar da yake so a jikin takalmi, sai shi ya nemi a rubuta masa kalmar da ke nufin masana'antar da ake bautar da leburori a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamfanin ya ƙi, suka yi ta musayar wasiƙu, ya tura wa wasu abokansa kaɗan, kafin a ankara wasiƙun sun kai ga miliyoyin mutane har an gayyace shi gidan talabijin. Daga nan ya duƙufa a kan tambaya guda, wato me ke sa mutum ya tura wa ɗan'uwansa abin da ya karanta. A 2005 yana cikin waɗanda suka kafa jaridar intanet ta Huffington Post tare da Arianna Huffington, wadda kamfanin AOL ya saya a 2011 a kan dala miliyan 315, sannan a 2006 ya kafa shafin nishaɗi da labarai na BuzzFeed, wanda a 2016 aka yi wa kuɗi dala biliyan 1.7. Idan malamin makaranta ya yi wannan a can, me zai hana malamin makaranta ya yi kwatankwacinsa da Hausa, harshen da ke da miliyoyin masu karatu a waya?

Tsohon Edita:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kawo mana labarin har zuwa inda yake da daɗi, sannan ka tsaya, to bari in ɗora daga inda ka ajiye. Yawancin masu karanta BuzzFeed ba da ƙafarsu suke zuwa shafinsa ba, Facebook ne yake koro su, kamar yadda direban tasha yake sauke fasinjoji a gaban mai abincin da ya ga dama. A watan Janairun 2018 shugaban Facebook Mark Zuckerberg ya sanar da cewa daga yanzu za a fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka rubuta a kan abin da kafafen labarai suka wallafa, wato direba ya sauya wurin tsayawa ba tare da ya shawarci mai abinci ba. A farkon 2019 BuzzFeed ya sallami kashi 15 cikin ɗari na ma'aikatansa. A watan Disambar 2021 ya shiga kasuwar hannun jari, kuma darajarsa ta yi ta zubewa tun daga makon farko. Kamfanin yaɗa labarai na Complex da ya saya a kan dala miliyan 300 a 2021, a 2024 ya sayar da shi bai kai dala miliyan 110 ba. Mafi ciwo a wurina, a matsayina na wanda ya yi shekara talatin a ɗakin labarai, shi ne ranar 20 ga Afrilun 2023, da Peretti ya sanar da rufe sashen labaran BuzzFeed baki ɗaya, kuma a takardar da ya rubuta wa ma'aikata shi da kansa ya amsa cewa ya makara wajen gane cewa manyan dandalin sada zumunta ba za su ɗauki nauyin aikin jarida mai tsada da ake karantawa kyauta ba.

Ban kawo wannan don in karya maka gwiwa ba. Ina so ne ka lura cewa mabiyan nan 40,000 da kake ƙirgawa ba a littafinka suke ba, a littafin mai gidan da kake haya suke.

Mai Shafi daga Daura:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya faɗi abin da ni na gani da idona. Ƙanena, ni na riga ka shiga wannan ruwa, na kuma sha. Na buɗe jaridar intanet ta Hausa a nan Daura, na yi mata rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, na biya kuɗin sunan shafin da na rumbun da ke ɗauke da shi, su biyun da dala ake biya duk shekara. Ofishina benci ne a shagon wani mai cajin waya da ba shi da nisa da rijiyar Kusugu, domin a nan ne kaɗai nake da tabbacin wuta. Ina zama daga hantsi har magariba, kwamfuta a cinya, ƙarar janareta a kunne, ina fassara labarai ina kiran mutane a ƙauyuka.

Lissafin da na yi kafin in fara shi ne irin wanda kake yi yanzu, cewa idan masu karatu suka yi yawa kuɗin talla za su zo da kansu. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake yi wa mai karatu kuɗi. Tallan da ke fitowa a gefen labari gwanjonsa ake yi cikin ƙiftawar ido, kuma masu talla suna taya mai karatu ne gwargwadon abin da suke zaton zai iya saye, saboda haka idon mutum guda a Amurka ya fi idanun jama'a masu yawa a Sandamu ko Zango tsada. Bayan wannan kuma, da na nemi shiga tsarin babban kamfanin da ke rarraba irin wannan talla, sai aka mayar mini da amsa cewa Hausa ba ta cikin harsunan da suke karɓa. Dole na koma cusa labaran Turanci a shafin don a karɓe ni, masu karatuna na asali suka fara janyewa, na rasa tsuntsu na rasa tarko. Watan da na fi samun jama'a, lokacin hawan Sallah, abin da ya taru bai kai dala 100 da ake buƙata kafin a biya mutum ba.

Sai kuma aka saki naira a watan Yunin 2023. Dalar da ake canzawa a hukumance kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin rumbu ya ninka sau uku, abin da ke shigowa kuwa yana nan inda yake. A wannan hali ne wani ɗan siyasa ya aiko yaronsa da ambulan, aka ce na goro ne. Na karɓa sau ɗaya, na karɓa sau biyu, a na uku sai ga saƙo cewa in sauke wani labari a kan rijiyar burtsatse da aka ƙaddamar ba ta ba da ruwa. Na sauke shi. Bayan wata huɗu na rufe shafin, ba don an tilasta mini ba, sai don na daina iya buɗe shi ba tare da jin kunya ba.

Ɗalibar Aikin Jarida:

Ina neman afuwar Baba Edita da Yaya na Daura, amma ina ganin an yi wa Peretti hukunci da rabin shaida, kamar yadda Malam ya yabe shi da rabin shaida. Sashen labaran da aka rufe a 2023 shi ne ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a 2021 saboda binciken da ya yi a kan sansanonin da ake tsare Musulmin Uighur a yankin Xinjiang na ƙasar Sin, inda suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam suka gano gine-ginen. Wannan aiki kuɗin wasannin tambayoyi da hotunan kyanwa da bidiyon girke-girke ne suka ɗauki nauyinsa. Mutumin da ya fahimci cewa za a iya tara jama'a da abin dariya a ciyar da bincike mai nauyi da kuɗinsu ba ƙaramin tunani ya yi ba, kuma tsarin ya yi aiki fiye da shekara goma bayan ya ɗauko ɗan jarida Ben Smith daga jaridar Politico a ƙarshen 2011.

Na biyu, bai kamata mu tafi Amurka kaɗai neman misali ba. Seun Osewa ya buɗe dandalin tattaunawa na Nairaland a 2005 kuma har yau yana nan. Omoyele Sowore ya fara Sahara Reporters a 2006 daga New York, Linda Ikeji ta fara nata shafin a wannan shekarar, Dapo Olorunyomi da abokansa suka kafa Premium Times a 2011, Simon Kolawole ya kafa TheCable a 2014, a nan Arewa kuma Jaafar Jaafar ya kafa Daily Nigerian a 2016. Babu ɗayansu da ya fara da injin buga jarida ko motar rarrabawa. Idan kowa ya ji tsoron abin da ya sami BuzzFeed, wa zai rubuta labarin Batsari da Jibiya da harshen mutanen Batsari da Jibiya?

Tsohon Edita:

'Yata, kin yi magana mai ma'ana, kuma na karɓi gyara a kan kyautar da suka ci, domin aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai ki sake duba jerin sunayen da kika kawo, ki tambayi kowanne wa ke biyan albashi. Duka da Turanci suka yi suna, kasuwarsu Legas da Abuja da 'yan Najeriya mazauna waje, inda bankuna da kamfanonin waya suke zuba kuɗin talla. Sahara Reporters ta sami tallafin gidauniyoyin ƙasashen waje, Premium Times ma ta kafa cibiyar bincike mai zaman kanta wadda ke samun irin wannan tallafi. Ba aibu ba ne, amma yana nuna cewa labari shi kaɗai bai cika ciyar da mai shi ba.

Wannan kuwa tsohon zance ne a wurinmu. Lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, editanta Malam Abubakar Imam daga aji aka ɗauko shi, domin a Makarantar Midil ta nan Katsina yake koyarwa, saboda haka ɗana Malamin Kwamfuta ba shi ne farkon malamin da ya yi wannan ƙaura daga garin nan ba. Amma kwabon da ake sayen jaridar ba shi ne ya riƙe ta ba, hukuma ce a bayanta. Aminiya kuma tana da kamfanin Media Trust a bayanta, sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 yana da Birtaniya a bayansa. Duk kafar Hausa da ta daɗe, ki duba da kyau, akwai bangon da ta jingina da shi. Tambayata ga yaron nan ita ce wane ne bangonsa, domin idan bai zaɓa da kansa ba, ɗan siyasa zai zaɓa masa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kamar yadda ɗan'uwanmu na Daura ya ba mu labari da gaskiyar da ba kowa ke iya faɗa a bainar jama'a ba.

Hajiya Mai Atamfa:

Ni ba 'yar jarida ba ce, amma tunda maganar talla ake yi, mu ne masu biya, bari in sa baki. Ina da shago a babbar kasuwa, ina sayar da atamfa da leshi da kayan lefe, kuma duk wata ina ware wani abu don talla. Na taɓa ba wani mai shafin labarai kuɗi, ya nuna mini a wayarsa cewa mutum dubu kaza sun ga hoton kayana, amma ko mutum ɗaya bai shigo shagon ya ce daga can ya gani ba. Wata yarinya kuwa da ke da zauren mata a WhatsApp, waɗanda ba su fi ɗari biyu ba, ta sa mini hoton leshi da daddare, kafin azahar na sayar da turmi shida, domin matan sun san ta, sun san gidansu, sun san ba za ta nuna musu abin da zai zuba a wanki ba.

Saboda haka, ɗana, ni yawan mabiya bai dame ni ba. Ina so in san su wane ne, a ina suke, kuma idan ka faɗi magana suna yarda. Na daɗe ina duba farashin gero da masara da kake sawa, maigidana ma da shi yake lissafi kafin ya aika a yi mana awo, kuma ban taɓa jin ya ce ka yi ƙari ba. Wannan shi ne jarinka, ba labaran siyasar da kake kwafowa daga manyan jaridu ba, waɗanda kafin ka sa mun riga mun ji a rediyo.

Lauya, Unguwar GRA:

Akwai ɓangaren da ba a taɓa ba, kuma shi ne yake kawo irin su Malam ofishinmu. Wani ɗan Birtaniya mai suna Nick Denton, wanda tsaran Peretti ne a wannan sana'a, ya kafa shafin Gawker a 2002, ya gina shi a kan tonon asirin manyan mutane. Ba rashin masu karatu ne ya kashe shi ba. A watan Maris na 2016 kotu a jihar Florida ta umarci a biya ɗan kokawar nan Hulk Hogan diyyar dala miliyan 140 saboda wani bidiyonsa na sirri da suka wallafa, daga baya aka gano cewa attajiri Peter Thiel ne ya biya kuɗin lauyoyin mai ƙara, kuma cikin 'yan watanni kamfanin ya bayyana karyewarsa. Labari guda ya cinye aikin shekara goma sha huɗu.

A nan gida muna da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda sashe na 24 nata aka daɗe ana amfani da shi wajen kama masu rubutu, har aka yi masa gyara a 2024, ga kuma dokokin ɓata suna da ke nan tun da daɗewa. Shi kansa Jaafar Jaafar da aka ambata, bayan bidiyon da ya fitar a watan Oktoban 2018 a kan gwamnan Kano na lokacin, wanda gwamnan ya musanta, ya fuskanci ƙara a kotu, kuma a 2021 ya koma Birtaniya yana mai cewa ana barazana ga rayuwarsa. Shawarata ga Malam ita ce ya yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki maimakon sunan kasuwanci kawai, domin bashin kamfani kada ya bi shi har gida, kuma kada ya wallafa zargi a kan kowa sai ya ji ta bakinsa ya ajiye shaidar cewa ya nema.

Malamin Kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, kuma maganar Hajiya ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ne farashin kasuwa shi ne abin da na fi wahala a kansa, ina da mutum a kowace kasuwa da nake kira ranar cinta ina saka masa kati, amma ban taɓa ɗaukarsa a matsayin abin sayarwa ba. Sai dai, Yaya na Daura, idan na bar Facebook ina zan sami mutane? Can suke, ba za su biyo ni wani shafi ba, balle yanzu da kuɗin data ya tashi tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Mai Shafi daga Daura:

Ban ce ka bar shi ba, ƙanena, na ce kada ka kwana a can. Ka tuna watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ka kuma tuna an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wanda duk sana'arsa ke kan ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta sai zaman jira. Da zan sake farawa, da lambobin wayar 'yan kasuwar hatsi zan fara tarawa da izininsu, in riƙa tura musu farashi da saƙon murya kafin a sa a shafi, su biya wani abu kaɗan duk wata, domin dillalin da zai loda mota daga Dandume zuwa Kano sanin farashin safiyar nan kuɗi ne a wurinsa. Da yawansu ma ba sa son karatu, sauraro suke so. Ni na yi ta rubuta dogayen sharhi ga mutanen da suka tashi da sauraron rediyo.

Ɗalibar Aikin Jarida:

To amma, Yaya, idan aka bi wannan hanya, abin da zai fito sanarwar farashi ce, ba jarida ba. Wa zai bi diddigin rijiyar burtsatsen da ka ce an sa ka sauke labarinta? Ni abin da nake tsoro shi ne a mayar da kowane matashi mai basira ɗan talla, a bar fagen labarai ga sojojin baka.

Tsohon Edita:

Ai ke kika ba mu amsar ɗazu, 'yata, da kika ce hotunan kyanwa ne suka biya kuɗin binciken Xinjiang. Bambancin kawai shi ne kuɗin kyanwa ta hannun wani suke biyowa, kuɗin farashin gero kuwa daga hannun dillali zuwa hannun yaron nan ne. Ko da yake ban yarda cewa farashi ba labari ba ne. Ranar da buhun masara ya yi tsalle a Dandume saboda manoman wani yanki sun kasa zuwa gona, wanda ya san farashi shi ne ya fara sanin labarin, saura kawai ya tambayi dalili. Inda nake tare da ke shi ne, dillalan da ke biyansa su ma wata rana za su so a ɓoye wani abu, misali idan ana maganar masu ɓoye hatsi, kuma ranar ce za a san ko ɗan jarida ne.

Malamin Kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da mahaifiyata jiya da daddare, kuma abin da muka tsayar shi ne ba zan miƙa takardar ajiye aiki a wannan zango ba. Zan gwada saƙon muryar da dillalai ashirin daga nan zuwa kaka, in ga ko nawa ne za su biya wata na biyu ba tare da na bi su ba. Ranka ya daɗe Lauya, zan so in san abin da rajistar irin wannan kamfani take ci, da kuma ko malamin da ke aiki a makaranta mai zaman kanta yana da damar yin ta da sunansa. Baba Edita kuma, idan ba zan takura maka ba, ina so in riƙa turo maka labari ka duba kafin in sa.

Tsohon Edita:

Ka turo, amma ka sani jan biro nake amfani da shi, kuma ba na duba labarin da aka ji daga bakin mutum ɗaya.

Hajiya Mai Atamfa:

Ɗana, idan ka tashi daga makaranta ranar Alhamis ka biyo ta shago, sabbin atamfofi sun iso kuma bikin bayan Sallah ya matso. Ka zo da farashinka na mako guda a rubuce, kuma ka gaya wa masu bin ka duk wadda ta zo ta ambaci sunan shafinka zan rage mata wani abu, ta haka ni da kai za mu san mutum nawa ka kawo.